Waƙar da Wagiman Ya Jingina wa Mamaci

Wagiman yana durƙushe gaban bahon ruwa, yana juya tiyub ɗin babur don ya ga inda iska ke fita, sai wata baƙar a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfarsa. Tayoyinta ya fara duba, don idon mai faci ƙasa yake fara kallo, ya ga duka huɗun lafiyarsu ƙalau. Nan ya sha jinin jikinsa. Mutum uku suka sauko, kowanne da baƙar riga mai hoton marigayi mawaƙi Darma Wulung a ƙirji. Na gabansu Pak Gondo ne, wato Malam Gondo, shugaban ƙungiyar 'Ya'yan Darma tun daga Temanggung har Magelang, mutumin da wuraren ajiye babura na kasuwa uku ke hannunsa.

"Kai ne mai tsakuwa?" in ji Gondo.

"Mai faci dai, Pak."

"Ku ji shi, wai mai faci." Gondo ya jawo benci ya zauna ba tare da an ce masa bisimilla ba, ya kunna sigari mai kanumfari dab da kwalaben fetur. "Asabar mai zuwa addu'ar shekara ce, ta goma sha ɗaya. Bu Murni, uwarmu, ta ji labarin waƙar mijinta Darma da ka tono. Ita ba ta sauraren waƙa a waya, daga bakinka take son ji. Ka dai san al'ada."

"Na sani, Pak."

"Za mu turo mota."

"Ai ina da babur."

"Za mu turo mota," Gondo ya sake cewa, a hankali kamar mai lallashin yaro. Har ya sa ƙafa ɗaya a cikin motar sai ya juyo. "Ya 'yarka ta Semarang? Ratri, ko? Mai ɗinki a masana'anta. Muna da reshe a unguwarsu, yara masu ladabi. Ka gaishe ta."

Suka tafi. Wagiman ya ci gaba da riƙon tiyub a cikin ruwa, kumfa na ta fitowa daga hujin, shi bai ma gani ba.

A nan wurinmu ba a tambayar mutum ko ya san Darma Wulung, sai dai a tambaye shi wace waƙa ya fi iyawa. Da jita ɗaya da 'yar sarewar ƙarfe rataye a wuya ya yi shekara da shekaru yana faɗa wa hukuma abin da manoman taba ke faɗa a ciki-ciki, har ya sha ɗauri sau biyu. Da ya rasu sai ƙasa ta cika da masu maimaita waƙoƙinsa. Direba, wanzami, malamin firamare, kowa ya jingina waya da kwalba, ya ɗauki kansa, ya ɗora a intanet. Kuma maimaicin namu har haushi yake ba ni. Akwai waƙar da Darma ya yi tari a tsakiyarta ranar da ake ɗaukar ta a kaset, don mura yake yi. To har gobe duk mai rera ta sai ya yi tarin nan a daidai wurin, in ya manta a ce bai iya ba. Na taɓa ganin ƙarti ɗari biyar sun yi tari tare a filin ƙwallo, kuma ba wanda ya yi dariya.

Wagiman na cikin gwanayen wannan sana'a marar riba. Allah ya ba shi murya mai ƙaiƙayi irin ta marigayin, ya shekara ashirin da biyar ana kiran sa biki da walimar kaciya, a biya shi da shinkafa a ganyen ayaba da kwalin sigari. Bai taɓa tunanin yin waƙar kansa ba sai da matarsa Sumirah ta rasu.

Wata huɗu bayan rasuwar ya dafa shinkafa da rana, ya kai loma ta biyu, ya tauna tsakuwa har gefen turmin haƙorinsa ya ɓalle. Ya ajiye cokali ya yi kuka, kuma ba haƙorin ne ya sa shi ba. Shekara talatin da ɗaya Sumirah na zama a ƙofar baya da faifai a cinya tana tsinta, tana watsa wa kaji gutsattsari, shi ko yana wuce ta da jita a kafaɗa. Bai taɓa sanin shinkafa na zuwa da tsakuwa ba. Kafin la'asar waƙa ta haɗu, baiti uku, ba ta da wani ado:

Da kina nan faifai na kan cinya,
kaji na jiran abin da za ki watsa.
Yau haƙorina ke min tsintar shinkafa.

Parjo, abokinsa tun na ƙuruciya, mai sayar da taliya da kaza a amalanke a tsallaken titi, shi ya riƙe wayar. Suka ɗora da sunan Wagiman. Wata guda cur mutum arba'in suka kalla, Parjo ya rantse ashirin da biyar daga ciki shi ne. Mutum ɗaya kawai ya yi rubutu a ƙasa, ya ce, "Baba, a koma na Darma."

Wannan magana ta ci masa rai. Sai ya ce wa Parjo ya goge, ya sake ɗorawa, ya rubuta cewa ɓatacciyar waƙar Darma Wulung ce, wadda ya rera sau ɗaya tak a kasuwar taba ta Parakan, wani saurayi mai faci ya ji ya haddace. Ba suna ya nema ba. So yake kawai a ji Sumirah, ya kuma san a ƙasar nan ba a buɗe wa waƙa ƙofa sai da hoton Darma a goshinta.

Aka ji ta kuwa. Cikin mako uku ta gama gari, ta haura Jakarta. Ɗalibai suka ɗauke ta zuwa zanga-zanga, suka ce shinkafar liyafar manya ce, tsakuwar talaka ne, haƙorin kuma gwamnati. Ɗaruruwan mutane suka maimaita ta, kowa da irin jitarsa, kuma dukansu sai sun yi shiru na ɗan lokaci kafin baiti na uku. Wagiman kaɗai da Parjo suka san dalilin shirun: injin ba taya iska ne ya tashi a bayansa ranar, ya jira ya mutu.

Abin da bai tuna ba, ko ya tuna ya ture gefe, shi ne al'adar. Tun rasuwar Darma ɓatattun waƙoƙi uku suka bayyana, kuma kowacce sai an kai ta bakin kabari ranar addu'ar shekara, an rera ta da jitar marigayin a gaban matarsa. In Bu Murni ta ce tasa ce, an shigar da ita cikin littafi. Kowa kuma ya san labarin Yanto na Muntilan. Abin da ake faɗa shi ne ya yi wa marigayi ƙarya a kan wata waƙa, wasu suka tare shi a hanyar gida, yau yatsun hannunsa na hagu ko igiyar takalmi ba sa ɗaurewa. Ba a kama kowa ba. Ba mai ƙara bayani, ba kuma mai nema.

Bayan tafiyar su Gondo, Parjo ya tsallako titi da kwanon taliya, ya dire a kan benci.

"Ci, Kang, yayana. Tun kana iya riƙe cokali."

"Kai ba ka da kirki."

"Ni na ce ka yi wa mamaci ƙage? Ni rubutu kawai na yi, kuma ko a kotu haka zan faɗa." Parjo ya zauna, fara'ar ta gudu daga fuskarsa. "Ka tafi Semarang yau ɗin nan."

"Sun san masana'antar da Ratri ke aiki."

Parjo ya sosa ƙeya. "To ka riga su. Kafin ka taɓa tsirkiya ka durƙusa gaban tsohuwar, ka kama hannunta ka kai goshi, ka ce Bu, ni na yi, matata ta mutu, hankalina ya gushe. Mace ce mai carbi, ita ma ta san rashi. Iyakaci su fasa maka jita."

"Jitar mamacin za su ba ni."

"To ka ga ma ba abin fasawa ke nan."

Wagiman bai yi dariya ba, amma ya ɗauki shawarar. Kwana shida yana haddar kalmomin tuba fiye da yadda ya taɓa haddace wata waƙa. Da ya kama fayil zai goge tiyub sai ya tsinci kansa yana kallon yatsunsa na hagu, masu kanta a baki saboda tsirkiya. Da su yake danne faci, da su yake cin abinci, in aka taɓa su ya rasa waƙa da tuwo gaba ɗaya.

Ran Asabar bayan azahar motar ta zo. Ba a bar Parjo ya shiga ba, aka ce ba wuri, alhali bayan motar wayam. Suka hau kafaɗar dutsen Sindoro, ta tsakanin gidajen da suka shanya yankakkiyar taba a kan asabarin gora, mata na tsaye suna kallon hadarin da ke haɗuwa. Direban ya sa waƙar tsakuwa, wani yaron birni ne ke rera ta da ganguna. Ya ƙure ƙara har suka isa.

Ƙauyen ya yi baƙi da riguna. A bakin hanyar maƙabarta wani ramammen mutum mai furfura a gemu yana jera babura, usur a baki, hannun hagu a aljihu. Wagiman bai taɓa ganin sa ba, amma ya gane shi. Yanto ya tofar da usur ɗin, ya matso kamar zai nuna masa hanya.

"Wadda ka kawo tana da kyau, Kang," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka yi haƙuri."

Kafin Wagiman ya tambaye shi haƙurin me, an ja shi gaba.

Aka yi hailala, aka yi addu'a, aka watsa furanni a kan kabari, aka raba shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken soya. Wagiman ya karɓi tasa ya ajiye ƙarƙashin kujera. Sannan masu maimaici suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, mutum goma sha huɗu, masu kyau da masu kashe kunne, aka yi tarin a inda ake yi. Duk wannan lokaci Bu Murni na zaune a kujerar roba a gefen kabari, 'yar ƙaramar tsohuwa da farin mayafi, tana jan carbi, ba ta tafa wa kowa ba.

Da rana ta yi sanyi Gondo ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit. Aka fito da jitar Darma daga akwatin gilashi, aka ɗora wa Wagiman a hannu. Ta fi yadda ya zata rashin nauyi, kuma an sa mata sababbin tsirkiyoyi. Ya taka zuwa gaban tsohuwar, ya fara durƙusawa.

"Bu, kafin in fara, akwai abin da…"

Hannun Gondo ya sauka a kafaɗarsa, zoben dutse ya danne masa ƙashi. "Bu ba ta son magana kafin waƙa. Sai bayan."

Wagiman ya duba taron, mutum ya fi dubu, kowa da waya a sama. Kalmomin da ya kwana shida yana haddacewa suka watse. Sai ya kaɗa.

Baiti na farko ya yi shi da muryar Darma, yadda ya saba, da ƙaiƙayin da gurnanin. A na biyu muryar aron ta fara zame masa. Kafin ya kai na uku ya daina ganin taron, ƙofar baya yake gani, da faifai, da ƙafafun Sumirah a miƙe da faso a dugaduganta. Ya rera da tasa muryar, siririya, irin ta tsohon da bai gama kuka ba. Ko shirun nan da kowa ke jira bai yi ba. Da ya saki tsirkiya ta ƙarshe ya san ya tona wa kansa asiri, don ko kurma ya ji wannan ba waƙar Darma ba ce.

Ba wanda ya motsa. Iska na kaɗa tamfol ɗin rumfa. Wagiman ya dunƙule hannunsa na hagu ya ɓoye a bayan jitar.

Bu Murni ta ja ƙwayar carbi biyu, ta share ido da bakin mayafi. Gondo ya sunkuya ya kai mata makirfo.

"Tasa ce," ta ce.

Taron ya ɗauki kabbara, amma ta ɗaga yatsa, aka sake yin shiru.

"A gidanmu na haya ya yi ta, shekarar da ya fito daga kurkuku. Ina zaune a ƙofar baya ina tsintar shinkafa, ya tsaya a kaina ya ce, Murni, ranar da babu ke, wa zai min wannan? Na ce je ka ka ba ni wuri. Ashe waƙa yake haɗawa."

Ƙarti suka rinƙa kuka ba kunya. Aka rungume Wagiman, aka ɗaga shi sama, wani ya sumbaci yatsunsa. Daɗi ya fara ji, daɗin wanda aka zare wa wuƙa daga wuya. Daɗin bai daɗe ba. A ƙofar bayan da yake gani yanzu wata mace ce zaune da faifan, kuma mutum dubu sun shaida.

Can aka ce Bu na kiran sa cikin gidanta, nan gefen maƙabartar. Ɗakin na can ƙurya ne, hotunan Darma sun rufe bango. Ta sallami matan da ke mata fifita, ta zuba masa shayi da hannunta.

"Zauna, Pak Wagiman. Ya sunanta?"

"Sunan wa, Bu?"

"Matarka. Ai ba a yin irin wannan waƙa don gwamnati."

"Sumirah, Bu."

"Allah ya jiƙan ta. Ni ban taɓa tsintar shinkafa ba, ko a gidan ubana. Idona ba ya ganin tsakuwa." Ta tura masa kofin. "Sha, zai huce."

"Bu, ki gafarce ni, na so in faɗa…"

"Na ga ka so. Shi ya sa na ce wa Gondo kada a bari." Ta gyara mayafi. "Shekara goma sha biyun ƙarshe mijina ko layi ɗaya bai rubuta ba. Yana zaune a kujerar nan da kake kai, yana kallon talabijin yana zagin 'yan ƙwallo. Waɗancan na waje kuwa duk shekara sai sun ragu, sai an samu sabuwar waƙa suke dawowa. Ranar da suka daina zuwa ya mutu ke nan da gaske, ni kuma na zama wata tsohuwa mai kabari a bayan gidanta. Kai ne na huɗu."

Wagiman ya ji kujerar ta masa zafi. Ɓatattun waƙoƙin nan uku duk ya iya su. Ɗaya ma, Ruwa a kan Shanyar Taba, ya fi sau ɗari yana rera ta, yana gaya wa mutane ba a sake haihuwar mai irin wannan basira.

"Yanto fa, Bu?"

"Ruwa a kan Shanyar Taba. Waƙa mai kyau, ko? Bayan wata biyu ya dawo wai a sa sunansa a ƙasa, ko da ƙananan baƙaƙe ne. Na ce a'a. Sai ya shiga gaya wa mutane a teburin mai shayi wai shi ya yi ta." Ta girgiza kai da tausayi, kuma tausayin na gaske ne. "Ni ban ce a taɓa shi ba. Ban taɓa cewa a taɓa kowa ba. Yaran nan uban nasu suke so, suka ji wani na neman ƙwace masa waƙa. Ni ce ma na sa aka ba shi aikin babura."

A waje an fara waƙar tsakuwa, baki dubu, da shirunta da komai.

"Baɗi ka tuno mana wata," in ji Bu Murni.

"Ita kenan gare ni, Bu. Ni ba mawaƙi ba ne, maimaici na iya. Wannan ma sai da na binne mace ta zo."

"Duk haka kuke cewa." Ta dube shi da idanu masu laushi, kamar uwa. "Za ta zo, Pak Wagiman. Mai shekarunka bai gama rashi ba."

Gondo ya leƙo ya ce jama'a na jira. Ya kama Wagiman a gwiwar hannu, a mutunce, ya mayar da shi gaban kabari. Yayyafi ya fara, amma ba wanda ya tafi. Wata 'yar gidan rediyo ta kutso gaba da na'urarta.

"Pak, ba mu labarin ranar da ka ji ta."

Ya ba su. Ya ce ranar Laraba ce, kasuwar Parakan ta cika, Darma ya hau kan buhunan taba da jitarsa. Ƙaryar na fita sumul kamar ya daɗe da ita, mutane na gyaɗa kai, wani tsoho a gaba har ya ce shi ma yana wurin.

"Da ya gama, ya faɗi wadda ya yi wa?" in ji 'yar rediyon.

Wagiman ya ɗaga kai. Bu Murni na tsaye a ƙofar gida, wata na riƙe mata da lema. Can baya Yanto ya daina jera babura, yana kallon sa.

"Ya faɗa," ya ce. "Ya ce ta matarsa ce."

Gondo ya yi murmushi, ya gyara masa tsayin makirfon. "Faɗi sunan, Kang. Na baya ba su ji ba."

Wagiman ya matso da bakinsa. Ya ce Murni. Lasifikar ta yi ƙara ta haɗiye rabin sunan, sai aka sa ya maimaita.